Makarantar Awo da 'Ya'yan Sabo: Waiwaye Kan Makarantun Gwamnati a Ƙauyukan Remo



Kwanakin baya hedimastan makarantar firamaren da na yi ya aiko a kira mahaifinmu a kan maganar ƙanena. Ranar kuwa Baba zai shiga ƙauye ɗaukar goro, sai ya ce mini, "Je ka ji abin da ake ciki, kai ne ka san yarensu." Ina tsaye a bakin ofis ina jira, sai idona ya kai kan bangon tsohon ginin nan na 'yan aji ɗaya, inda aka zana 1955 a jikin siminti. Shekara shida na yi ina wuce wannan rubutu safe da rana, ban taɓa tambayar kowa ma'anarsa ba.

Da na shiga, hedimasta ya buɗe mini rajista, ya nuna mini kwanakin da yaron ya yi fashi, sannan ya ce ga shi yana aji biyar amma ba ya iya karanta layi biyu a jere. Daga nan ya dube ni ya ce, "Mutanenku suna kawo mana yara, amma ko sau ɗaya ban taɓa ganin Bahaushe a taron iyaye ba." Maganar ta yi mini zafi, amma da na auna sai na ga gaskiya ya faɗa. Wannan shi ya sa na zauna na bi diddigin tarihin waɗannan makarantu na ƙauyukanmu, domin mu san yadda aka faro, da inda aka samu tangarɗa, da kuma namu kason na laifi. Ni ba malami ba ne, iyakar karatuna sakandare, don haka a yi mini afuwa in an ga gazawa.

Yadda muka zo nan

Kowa ya san goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar Yarbawa. A da can fatake Gwanja suke zuwa, a ƙasar Gana ta yanzu, su yi wata da watanni a hanya da jakuna. Da aka fara noman irin wannan goro da Yarbawa ke kira gbanja a wajejen Agege da Ota da Ifo, har ya bazu zuwa ƙasar Remo, kuma jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a farkon ƙarnin da ya wuce, sai hanya ta juyo nan. Sabon Badun an kafa ta a 1916. Shagamu kuwa ta zama babbar cibiyar goro, inda ake tara shi daga ƙauyuka, a ɗaure huhu, a yi Arewa da shi. Daga baya, da aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, sai wasu 'yan uwa suka ƙaru a wurare irin su Ogere, inda manyan motoci ke yada zango.

Abin lura a nan shi ne, ba duka Hausawa ne suka zauna cikin manyan garuruwa ba. Akwai irin su mahaifina da suka kutsa ƙananan garuruwa da ƙauyuka kusa da gonakin goro, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya. Mu da aka haifa a irin waɗannan wurare, makarantar gwamnati ta ƙauye ita ce kaɗai bokon da ke gabanmu. In ta yi kyau mun yi kyau, in ta lalace mu ne a sahun farko na waɗanda za su ji a jika.

Shekarar 1955

To mene ne asalin wancan rubutu na jikin bango? A 1952 ministan ilimi na Jihar Yamma, S. O. Awokoya, ya gabatar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. Jagoran gwamnatin kuwa shi ne Cif Obafemi Awolowo, mutumin Ikenne, nan ƙasar Remo. Aka ɗauki shekara uku ana gina ajujuwa da horar da malamai, sannan a watan Janairun 1955 aka ƙaddamar da shirin. A 1954 yaran da ke firamare a duk faɗin yankin kimanin 457,000 ne. Shekara ɗaya tak bayan nan suka kai kimanin 811,000. Malamai kuma suka tashi daga wajen 17,000 zuwa 27,000. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo da alli ba suka wayi gari da makaranta, da yawansu a ƙarƙashin hukumomin gargajiya da na gundumomi, shi ya sa har yau za ka ga makarantu masu "L.A." a gaban sunansu. Tsofaffin garinmu kuwa ba su san wani suna ba sai makarantar Awo.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo a sauƙaƙe. Kuɗin koko ya taimaka, amma sai da aka ɗora wa jama'a ƙarin haraji na ilimi da lafiya, abin da ya jawo wa jam'iyyar AG baƙin jini, har NCNC ta fi ta kujeru a yankin a zaɓen tarayya na 1954. An kuma so a tilasta wa iyaye kai yara, amma daga baya aka janye maganar tilas, aka bar ta a kyauta kawai.

Tun a lokacin ne kuma aka fara kukan da muke yi yau. An rage shekarun firamare daga 8 zuwa 6, ana ciyar da yaro gaba ko ya ci jarrabawa ko bai ci ba, ga dubban malamai da aka ɗauka ba tare da cikakken horo ba. Kwamitin Banjo da gwamnatin yankin ta kafa, wanda ya yi aikinsa tsakanin 1960 da 1961, ya tabbatar da cewa inganci ya ja baya, kuma rashin ƙwararrun malamai na cikin manyan dalilai. Ashe ke nan kokawa tsakanin yawa da inganci tsohuwar kokawa ce, ta girmi iyayenmu.

Me ya hana namu shiga?

Na tambayi Baba, na ce, "Baba, tunda kyauta ne, me ya sa Kaka bai sa ku ba?" Sai ya yi dariya ya ce, "Wa zai ba da ɗansa a mai da shi Kirista, alhali ga allo ga kasuwa?"

In aka yi wa kakanninmu adalci, tsoronsu yana da tushe. Yawancin makarantun wancan zamani na 'yan mishan ne, kuma su kansu Yarbawa Musulmi sun sha fama da wannan matsala, har wasu yaran sai sun canza suna kafin su samu gurbi. Bambancinmu da su shi ne, su da suka ga haka sai suka tashi suka gina nasu. Ƙungiyar Ansar-ud-Deen an kafa ta a Ikko a 1923, kuma babban aikinta shi ne buɗe makarantun boko na Musulmi. Nawair-ud-Deen ta Abekuta ita ma haka ta yi. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS ma a Ikko aka kafa ta a 1954. Mu kuwa sai muka ja gefe muka naɗe hannu.

Dalili na biyu shi ne kasuwa ba ta buƙaci boko ba a lokacin. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 inda ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya tsayu a kan amana tsakanin maigida da baƙinsa da dillalai. Wanda ya iya ajami da lissafin ka, ya kuma riƙe amana, ya gama samun jari. Dalili na uku kuwa shi ne tunanin nan na cewa zaman na ɗan lokaci ne, gobe ko jibi za a koma gida. Ga shi an shekara fiye da ɗari ana cewa gobe.

Abin da ya biyo baya a fili yake. 'Ya'yan manoman da kakanninmu ke sayen goro a hannunsu suka shiga makarantar Awo, suka fito malamai da akawuna da lauyoyi. Har yau in takarda ta zo wa Baba daga banki ko daga ƙaramar hukuma, sai ya jira ni, in ba na nan kuma ya kai wa maƙwabci ya karanta masa sirrinsa.

Daga UPE zuwa zamanin UPN

A tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Ogun, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE a duk ƙasa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. Aka sake komawa gidan jiya, wato horar da malamai cikin gaggawa da cusa yara a aji fiye da ƙima. A wannan shekara ce aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna domin cike wannan giɓi. Tun da makarantu sun koma hannun gwamnati, tsoron da ake yi ya ɗan ragu, kuma daga nan ne aka fara ganin 'ya'yan Hausawa jefi-jefi a ajujuwan ƙauyukan nan.

A 1979 jam'iyyar UPN ta Awolowo ta ci jihohi biyar, Bisi Onabanjo ya zama gwamnan Ogun. Suka faɗaɗa ilimi kyauta har zuwa sakandare, ana raba littattafai. Makarantun sakandare na jeka-ka-dawo suka yawaita a ƙananan garuruwa, yaro ba sai an kai shi birni ba. Wani ƙanen mahaifina da ya ɗan taɓa karatu a lokacin yakan ce shi dai abin da ya sani, an ba shi littafi sabo fil bai biya ko kwabo ba.

Amma daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, albashin malamai ya fara makalewa, sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, aka dawo da biyan kuɗaɗe iri-iri. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya zo da kyakkyawar niyya, wato yaro ya koyi aikin hannu a ƙaramar sakandare, kamar kafinta da aikin ƙarfe da na lantarki. An shigo da injina daga ƙasashen gabashin Turai, amma a makarantu da dama sai suka ruɓe a cikin akwatunansu, domin babu wuta, babu ɗakin ajiye su, babu malamin da ya san kansu. Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, sai abin ya ƙara dagulewa.

Sai kuma aka shiga wasan jifa da makarantun firamare. A 1988 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su, a 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake dawo da ita. A tsakanin nan malamai suka yi ta yajin aiki saboda rashin albashi. A nan ne makarantar ƙauye ta fi shan wuya, domin masu hali sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi a gari, kuma duk makarantar da 'ya'yan masu faɗa-a-ji suka bari, to ta rasa mai yi mata magana.

Abin da na gani da idona

A watan Satumban 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara 9, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta domin shirin, amma jiha ba ta ɗaukar nata kason sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. A jiha akwai hukumar SUBEB, a kowace ƙaramar hukuma kuma akwai ofishin ilimi da sakatarensa, su ne ke kula da tura malamai da sa ido a kan makarantu. An kuma tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa.

A ƙarƙashin wannan tsari na yi karatu, kuma zan faɗi alheri da akasinsa. Mun samu sabon gini mai aji uku da bencina. Amma malamanmu ba su kai yawan ajujuwa ba, sai a haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya, waɗannan su fuskanci gabas waɗancan su fuskanci yamma. Yawancin malaman a gari suke kwana, in aka yi ruwan sama hanya ta ɓaci, to ranar sai wasa. A sakandare kuwa malamin lissafinmu da na kimiyya masu yi wa ƙasa hidima ne, da mun fara sabawa da mutum sai shekararsa ta cika ya tafi. Ɗakin gwaje-gwaje sunansa kawai muka sani. Da lokacin jarrabawar WAEC da NECO ya zo, samun kiredit biyar har da Turanci da lissafi ya gagari da yawa daga cikinmu, wasu suka koma neman inda za a "taimaka" musu, wanda shi ma wani ciwon ne.

Duk da haka akwai abubuwan da suka riƙe mu, kuma ba a cikin aji suke ba. Akwai gonar makaranta da ƙungiyar matasa manoma, inda kowane aji ke da kunyoyinsa na rogo da masara. Wannan al'ada tana da tushe a Remo, domin a Ikenne ne Tai Solarin da matarsa Sheila suka kafa makarantar Mayflower a 1956, wadda ta yi suna wajen sa ɗalibai noma da gini da yin komai da hannunsu. Akwai gasar wasanni tsakanin gidaje, wadda duk gari ke fitowa kallo. Akwai ƙungiyar JETS ta masu sha'awar kimiyya, da MSS, da ƙungiyar muhawara da kacici-kacici. Ni dai muhawara ce ta buɗe mini baki. Wata malamar Turanci, Allah ya saka mata da alheri, ita ta tilasta mini tsayawa gaban taro, ranar gwiwoyina har karkarwa suke. A wajen gudu da ƙwallo kuwa aka daina kiran mu Gambari, aka fara kiran mu da sunayenmu. Abin baƙin ciki, da na koma kwanan nan na tarar gonar ta zama daji, muhawara kuma an manta rabon da a yi.

Ƙannena su kuma sun ci gajiyar shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, wanda Ogun na cikin jihohin farko da suka shiga. Naira 70 aka ware wa kowane yaro a rana da farko, daga aji ɗaya zuwa uku. Na ga yaran unguwarmu da ba a taɓa gani da yunifom ba suna sammako saboda wannan abinci. Sai dai yau a kawo gobe a fasa, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Da tukunya ta yi sanyi, wasu yaran suka koma talla.

Maganar harshe

Akwai wata matsala da ta shafe mu fiye da kowa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro a shekarun farko da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, aka ga sun fi fahimta. A 2022 gwamnati ta amince a yi firamare gaba ɗaya da harshen uwa, sannan a ƙarshen 2025 ta janye ta ce a koma Turanci. Ko wanne aka ɗauka, ɗan Bahaushe a ƙauyen Remo yana tashi da Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, Yarbanci a bakin malama, Turanci a cikin littafi. Ga shi kuma yawancinmu ba ma kai yara ajin share fage, wanda Yarbawa ke kira jeleosimi, sai yaro ya kai shekara takwas ko tara a jefa shi aji ɗaya. Irin wannan yaro in ya yi shiru a aji ba daƙiƙi ba ne, kaya ne suka yi masa yawa.

Namu kason

'Yan uwa, laifin gwamnati a bayyane yake, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lokacin kakar goro mu ne ke cire yara daga aji su taya mu ɓara da wanki da ɗauri. Ranar kasuwa mu ne ke aza wa 'yan mata faranti. Mu ne ke ɗauke yaro a tsakiyar zango mu tura shi Arewa, ya dawo bayan shekara ya rasa ajin da zai zauna. Fashin ƙanena da hedimasta ya nuna mini, kusan duk a ranakun kasuwa ne.

Na san masu cewa, me za a yi da takardar, tunda ko ka gama sai an tambaye ka shaidar asalin jiha kafin a ba ka tallafin karatu ko aiki, nan a ce kai baƙo ne, can gida a ce ba a san ka ba? Wannan gaskiya ne, ni ma ya taɓa ni. Na kuma san rikicin Shagamu na 1999 ya sa wasu iyaye sun ƙara ɗari-ɗari da zaman nan. Amma ita kasuwar da muke taƙama da ita ta canza. Yau ciniki ya koma waya da tura kuɗi ta banki da takardun haraji, wanda bai iya karatu ba kullum yana hannun wani.

Shawarata guda huɗu ce. Na farko, kowace makarantar gwamnati ana so ta kasance da kwamitin gudanarwa na al'umma, wato SBMC, ban da ƙungiyar iyaye da malamai. Ya kamata Sarkin Hausawa da limamanmu su tabbatar akwai namu a ciki, mai zuwa taro, mai jin Yarbanci. Na biyu, a zauna da malaman allo a daidaita lokaci, allo da asuba da yamma, boko da safe, kada ɗaya ya ci ɗaya. Na uku, ƙungiyoyinmu na 'yan goro da 'yan shanu da direbobi, da suke iya tara kuɗi in an kama ɗan uwa ko an yi rasuwa, za su iya ɗaukar nauyin malami ɗaya ko biyu, ko su sayi kofin muhawara da kayan gona. Na huɗu, mu da muka ɗan taɓa karatu mu ba da awa ɗaya da daddare mu zauna da ƙannenmu.

Ni dai na fara da kaina. Na roƙi Baba ya sauke wa ƙanena zuwa kasuwa a ranakun makaranta, ya yi shiru jim kaɗan sannan ya ce, "To, kai za ka riƙa yin aikinsa." Na ce na yarda. Taron iyaye na gaba kuma ya ce zai je da kansa, in raka shi in yi masa tafinta. Kakanninmu sun ga an buɗe ƙofa a 1955 ba su shiga ba, suna da uzurinsu. Mu ban ga uzurin da za mu ba 'ya'yanmu ba.

Allah ya sa mu dace, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.